Lafawar Ciwo Ba Warkewa Ba Ce: Tawayar Jijiyoyin Jini a Tushen Ƙwaƙwalwa

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Hausa, idan saurayi ko budurwa suka wayi gari baki ya karkace, ido yana ganin abu biyu-biyu, ƙafa tana tangaɗi, abin da yakan fara zuwa bakin jama'a shi ne iska ko jifa. Sai a shiga turare da shafe-shafe. Bayan 'yan makonni ciwon ya lafa, kowa ya ce magani ya ci. Wannan lafawar kuwa ita ce tarkon da ya kamata ɗalibai da malamai su gane.

A can ciki, daidai saitin ƙeya, akwai wani sashe mai kaurin babban yatsa wanda ya haɗa ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Shi ne tushen ƙwaƙwalwa. Ta cikinsa saƙonni suke bi tsakanin kai da gangar jiki, shi ne kuma yake lura da numfashi da bugun zuciya da haɗiya. Daga cikin tagwayen jijiyoyin saƙo 12 na kai, 10 daga nan suke fitowa. Saboda wannan cunkoso, jinin da bai fi ƙwayar gero ba yana iya yin ɓarna mai yawa a wurin.

Wasu mutane suna ɗauke da wani curin ƙananan jijiyoyin jini masu siririn bango, wanda likitoci suke kira kabanoma. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 200 yana da shi a wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma akasarinsu har su tsufa ba sa sani. Akwai irin da ake gado, inda kowane ɗa ko 'ya suke da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ta ɗaukar ƙwayar halittar daga mahaifin da yake da ita. Idan curin yana tushen ƙwaƙwalwa ya tsiyayar da jini, sai a ga jiri, ko sarƙewar harshe, ko ƙwarewa wajen shan ruwa, ko shaƙuwa mai naci. Wata alama mai muhimmanci ita ce ɓarin fuska na dama ya shanye tare da hannu da ƙafa na hagu, ko akasin haka, domin hanyoyin saƙo suna gittawa ne a ƙasan tushen.

Jiki da kansa yakan tsotse jinin da ya zuba sannu a hankali, kumburi ya sauka, majinyaci ya sami sauƙi, ko an yi turare ko ba a yi ba. Amma curin yana nan daram. Wani nazari da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2016 ya nuna cewa cikin waɗanda kabanomar tushen ƙwaƙwalwa ta riga ta nuna musu alama, kusan 3 cikin 10 sukan sami zubar jini cikin shekara 5. Kowace zuba kuma tana iya barin tabon da ba ya gogewa.

Gaskiya ne ba duk karkacewar baki ce take nufin wannan cuta ba, kuma kuɗin hoton MRI, wanda shi ne ya fi nuna ta, nauyi ne ga manomi. Sai dai rashin sani ya fi dare duhu. Likita ne kaɗai zai tantance, shi ne kuma zai ce a zuba ido ko a yi tiyata. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Daga Babban Asibitin Kankiya ana iya tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Don haka wajibi ne malamin kimiyyar halittu, idan ya zana ƙwaƙwalwa a allo, ya haɗa da waɗannan alamomi, ya kuma jaddada wa ɗalibai cewa ko ciwon ya lafa a je asibiti. Haka ma ɗaliban Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe su ne za su zauna a ƙananan asibitocin karkara. Sau da yawa ɗan sakandare shi ne mai karanta wa gida takardar likita, kuma kalmarsa ɗaya tana iya sa a nemi mota tun kafin jini ya sake zuba.