Raddi Ga Masu Cewa Larurar Yaƙi Ce Ta Kashe Abane Ramdane

Akwai wata da'awa da ta daɗe tana yawo a bakin masu ba da tarihin gwagwarmayar Aljeriya, cewa jinin da jagororin ƙungiyar FLN suka zubar a junansu larura ce ta yaƙi, kuma da ba a taka wuyan masu jayayya ba, da Faransa ba ta fita ba. Malaman usulu sun yarda larura tana halatta abin da aka hana, amma sun gindaya sharaɗin cewa gwargwadonta ake auna ta, ba a ƙetare haddinta. Da wannan mizani nake so mu auna hujjojinsu.

Hujjarsu ta farko ita ce Abane Ramdane mutum ne mai kaifin harshe, wanda ya kusa raba kan jama'a. Kaifin harshe kam yana da shi, ba na musu. Sai dai abin da ya haɗa shi da manyan sojan ƙungiyar shi ne ƙa'idar da ya tsayar a taron Summam cikin watan Agusta na 1956, cewa ma'abota siyasa ne za su shugabanci masu bindiga, kuma waɗanda ke fama a cikin ƙasa su ne gaba da waɗanda ke zaune a waje. Shekara guda bayan haka, a taron Alƙahira, sojan suka rushe wannan ƙa'ida, suka mayar da shi gefe. To, mutumin da aka riga aka rinjaye shi a majalisa, wace larura ce ta rage har a yaudare shi zuwa Maroko a watan Disamba na 1957, a shigar da shi wani gidan gona, mutanen Boussouf, ɗaya daga cikin waɗannan sojan, su shaƙe shi, ba alƙali, ba shaida, ba a ji ta bakinsa ba? Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a watan Mayu na 1958 jaridar ƙungiyar, El Moudjahid, ta buga cewa a fagen fama ya faɗi. Da hukuncin adalci suka zartar, da sun bayyana shi a bainar jama'a, domin mai gaskiya ba ya bukatar ƙaga wa mamaci shahadar da ba ta hannun abokan gaba ta zo ba.

Hujja ta biyu ita ce ƙarfin hannun sojan ne ya kawo nasara. Wane sojan? Rundunar iyaka, wadda Houari Boumediene ya zama babban hafsanta a 1960, mafi yawanta tana jibge ne a Tunisiya da Maroko, bayan shingen waya mai wutar lantarki da nakiyoyi da Faransa ta kafa, alhali mujahidan cikin ƙasa su ne suka sha wutar farmakin Janar Challe na Faransa a 1959, har aka kusa ƙarar da su a kan duwatsu. Abin da ya karya gwiwar Faransa shi ne juriyar talakawa, waɗanda suka cika titunan birnin Aljiyas da tutoci a watan Disamba na 1960, da kuma aikin wakilai a Majalisar Ɗinkin Duniya, har aka kai ga yarjejeniyar Ebiyan a watan Maris na 1962.

Hujja ta uku, cewa fitinar ta ƙare da ƙarewar yaƙi, ita ce mafi rauni duka. An yi bikin 'yancin kai ran 5 ga Yuli 1962, kafin wata biyu rundunar iyaka, tana mara wa Ben Bella baya, ta buɗe wuta a kan mujahidan lardi na huɗu a hanyar Aljiyas, har jama'a suka fito suna kukan cewa shekara bakwai ta isa. Ran 19 ga Yuni 1965 Boumediene ya kifar da gwamnatin Ben Bella ya tsare shi. A 1967 aka harbe Mohamed Khider, wani jagoran ƙungiyar, a Madrid. Krim Belkacem kuwa, wanda ya sa hannu a Ebiyan, wanda kuma shi kansa bai wanku daga zancen Abane ba, an tsinci gawarsa a shaƙe cikin ɗakin otal a Frankfurt a 1970, shekara takwas bayan fitar Faransa. Ina roƙon masu wannan da'awa su faɗa mana da wa ake yaƙi a lokacin. In ba su iya ba, su kira abin da sunansa, wato son mulki da zalunci.