Lakar Jebel Aulia da tambayar wanda ya gurɓata Nilu

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace Khartoum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, maganar da ake yi ita ce ta gyaran gadoji da wutar lantarki. Ba a cika tambayar abin da ya kwanta a ƙarƙashin ruwan da mutanen Khartoum da Omdurman ke sha ba, da kuma lokacin da ya kwanta.

Masana na da hanyar gano hakan. Laka na taruwa a gindin tafki sannu a hankali, ta bana a kan ta bara. Idan aka nutsa bututu aka ciro ta ba tare da ta cakuɗe ba, ana iya karanta shekarunta. Dalmar man fetur na yawaita a wani sashe, sannan ta ragu bayan an daina zuba ta a mai. Ƙurar gwajin makaman nukiliya, wadda ta fi yawa a 1963, ita ma ta bar tabonta. Da waɗannan alamomi ake sa wa sauran lakar shekara.

Madatsar Jebel Aulia da ke kan Farin Nilu, kudu da Khartoum, tana tare ruwa tun 1937. Merowe, can arewa, ta fara aiki a 2009, kuma ruwan da ya ratsa babban birnin can yake zuwa. Tsakanin wuraren biyu ana iya bambanta dattin da ya zo daga kudu da wanda birnin ya ƙara, har da na gobarar matatar mai ta Al-Jaili a Janairun 2025.

Zaiba ce ta fi tayar da hankali. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, ƙasar ta koma kan zinariya, masu haƙar gargajiya kuwa da zaiba suke tace ta. Yau ɓangarorin yaƙin biyu da zinariyar suke samun kuɗi, kuma kowanne zai so a ɗora wa ɗan'uwansa laifin gubar. Lakar za ta iya nuna wadda ta riga yaƙin da wadda ta biyo shi. Wanda ya tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010 ya san wannan ba zancen jami'a kaɗai ba ne.

Sai dai Jebel Aulia ba tafki mai natsuwa ba ne. Ana buɗe ƙofofinta kowace shekara, ruwa na motsa lakar, kuma duk aikin yashe ta da za a yi da sunan gyara zai goge shaidar kafin a auna ta.