An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yaƙin Rage Diyya a Amurka

A watan Fabrairun 1992, a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, wata dattijuwa 'yar shekara 79 mai suna Stella Liebeck ta sayi gahawa a shagon McDonald's. Jikanta ne ke tuƙi, ya tsayar da mota don ta zuba madara da sukari. Tana buɗe murfin kofin, gahawar ta kife mata a cinya. Kamfanin yana sayar da gahawarsa da zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Selshiyos, don haka ƙunar ta cinye fata har tsoka. Ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata. Ta nemi dala 20,000, kamfanin ya ce 800 zai bayar.

Da aka je kotu a 1994, sai ta bayyana cewa kamfanin ya karɓi ƙorafin ƙuna sama da 700 cikin shekara goma. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora mata kashi 20 cikin 100 na laifin, suka ba ta dala 160,000, suka ƙara miliyan 2.7 don ladabtar da kamfanin, kwatankwacin cinikin gahawarsa na kwana biyu. Alƙali ya rage kuɗin ladabtarwar zuwa 480,000, daga baya aka sasanta a asirce.

Amma labarin da ya zaga duniya shi ne wai wata tsohuwa ta zuba wa kanta gahawa ta zama miloniya. Da irin wannan guntun labari kamfanonin inshora da manyan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin likitoci suka yi shekaru suna tallata abin da suke kira gyaran dokar diyya. Hujjarsu ita ce ƙararrakin banza sun yi yawa, su ke sa kuɗin inshorar likitoci ya hau, likitoci su gudu, magani ya yi tsada. Mafitar da suka kawo kuwa ita ce a sa wa diyya iyaka.

Kalifoniya ta yi haka a 1975. Ta ce diyyar raɗaɗi da nakasa da rashin jin daɗin rayuwa, wato duk abin da ba shi da rasit, ba za ta wuce dala 250,000 ba a ƙarar sakacin likita. Adadin bai motsa ba har shekara 47, alhali abin da wannan kuɗi ke saye a 1975 sai an kashe fiye da miliyan ɗaya kafin a same shi a 2022, shekarar da aka amince a ɗaga shi. Texas ta bi sahu a 2003.

Wa wannan iyaka ke cuta? Wanda aka ɗan ji wa rauni bai san da ita ba, domin diyyarsa ba ta kai can. Mai babban albashi ma da sauƙi, tunda dokar ba ta taɓa asarar albashi. Wanda ta danne shi ne jaririn da aka nakasa wajen haihuwa, da matar da ke gida tana renon 'ya'ya, da tsohon da ya yi ritaya. Ba su da albashin da za a lissafa, raɗaɗin shi ne mafi yawan asararsu. Tunda kuma lauyoyin irin wannan ƙara sai sun ci nasara suke cire kasonsu, ga tsadar ɗaukar ƙwararrun shaidu, da yawa ba sa karɓar shari'ar waɗannan mutane tun farko.

Masu goyon bayan dokar suna da gaskiya a wuri ɗaya: kuɗin inshorar likitoci ya sauka a Texas bayan 2003. Sai dai alƙawarin da aka yi wa jama'a shi ne sauƙin magani. A 2009, Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ko an shimfiɗa irin waɗannan dokoki a ƙasar baki ɗaya, abin da ake kashewa kan lafiya zai ragu da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ne kawai.

Batun ƙararrakin banza ma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Masu bincike na Jami'ar Harvard da suka duba takardun asibitocin New York na 1984 sun gano cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na waɗanda sakaci ya raunata ne suka nemi diyya. Wani nazarin na 2006 kan ƙararraki 1,452 ya nuna cewa a kashi 97 cikin 100 akwai rauni na haƙiƙa, kuma mafi yawan ƙararrakin da babu kuskuren likita a cikinsu ba a biya su ko sisi ba.

Wannan nazari ya kuma tona ainihin ciwon: a kan kowace dala ta diyya, santi 54 na tafiya ga lauyoyi da ƙwararru da kotuna, shari'a kuma tana ɗaukar shekaru. Mai son gyara na gaskiya nan zai dosa. New Zealand ta kafa asusun ƙasa tun 1974 da ke biyan wanda ya ji rauni ba tare da shari'ar neman mai laifi ba. Kalifoniya kanta a 1988 ta ba hukuma ikon sa ido kan farashin inshora. Kotunan ƙoli na jihohin Jojiya da Illinois kuwa sun soke iyakar diyya a 2010, suka ce ta saɓa wa tsarin mulkin jihohinsu.

Iyakar diyya ba ta hana kuskure ko ɗaya a ɗakin tiyata, ba ta kuma rage kuɗin jinyar wanda aka nakasa. Tana ɗauke nauyin ne daga wuyan wanda ya yi ɓarna da mai inshorarsa, ta ɗora wa majinyaci da danginsa da asusun gwamnati. Duk wanda ya kira wannan gyara, to ya fara faɗa wa jama'a sunan wanda zai biya cikon.