Dokokin Ɗan Shekara Huɗu

Wata safiya na nuna wa yaran ajina na nazare hoton hawan salla, sai wani ɗan shekara huɗu ya ce, "Malama, ga dokoki!" Dawaki yake nufi. Har na buɗe baki zan gyara masa, sai na dakata. Bai taɓa jin babba ya faɗi haka ba, shi ya ƙera kalmar. Ya ji mota da motoci, taga da tagogi, ya tsamo ƙa'idar maimaita baƙin ƙarshe, ya ɗora ta a kan doki. Abin da ake kwashe makonni ana warwarewa a darasin ginin kalma ke nan.

A ganina manazarta Hausa sun yi sakaci da bakin yara. An tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin gaɗa, amma maganar da yaro ke ƙirƙira da kansa kuskure ake ɗaukar ta. A 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta zaɓi harshen uwa ga wannan mataki, ga shi kuwa makarantun kuɗi da yawa tsawata wa yaro suke in ya yi Hausa. Ni dai na tanadi littafi ina rubuta abin da suke faɗa, da shekarun mai faɗar.