Wuta ta aza harsashi, murjani ya ɗora gini



A ƙarshen shekarar 2014 wani dutse mai aman wuta ya fashe a ƙarƙashin tekun Fasifik, a yankin ƙasar Tonga. Cikin 'yan makonni tokar da ya amayar ta taru ta zama tsibiri. Ranar 15 ga Janairun 2022 ya sake fashewa, ya tarwatsa abin da ya gina. Irin wannan wuta ce ta haifi tsibiran Hawai, da Bioko da Sao Tome a gaɓar Afirka.

Idan wutar ta mutu, dutsen yakan huce, ya riƙa nutsewa sannu a hankali. A nan ne wani magini ke karɓar aiki: wata 'yar halitta dangin murjani, wadda sau da yawa ba ta fi ƙwayar wake ba. Sai a ruwa mai ɗumi, marar zurfi take rayuwa, domin tsiron da ke cikin jikinta yana ciyar da ita da hasken rana. Daga ruwan teku take tace sinadarin farar ƙasa ta gina wa kanta ɗaki. In ta mutu, na baya su ɗora nasu a kai. Dutse yana ƙasa, gini yana sama, har ƙololuwar ta ɓace, a bar zobe kamar bakin rijiya da tafki a tsakiya. Wani kifi mai baki irin na aku yana gaigayar ginin yana kasayar da farin yashi, igiyar ruwa ta tara shi, kwakwa ta tsiro.

Charles Darwin ya wallafa wannan bayani a 1842. Sai a 1952 aka tabbatar da shi, da aka haƙa rami a Enewetak, cikin tsibiran Marshall. An ratsa sama da mita 1,200 na farar ƙasa kafin a tarar da dutsen wutar.

A kan irin wannan gini ƙasar Maldives take, tsibirai kusan 1,200, tsayinsu bisa ruwa mita ɗaya da rabi a matsakaici. A 1998 da 2016 zafin teku ya kashe murjani mai yawa a can. Ga ruwa yana ƙaruwa, ga maginin yana jinya. Tun da hayaƙi ne ke ɗumama teku, duk hayaƙin da duniya ta rage fitarwa, magani ne gare shi.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.