Raddi ga Mai Cewa a Cire Tuba da Hukunci Daga Bishara

A wani taron addu'a a Talata Mafara, wani ɗan'uwa mai wa'azi ya ce lokaci ya yi da za a daina ambaton tuba da ranar shari'a a kan bagade, a tsaya ga ƙauna da albarka. Hujja uku ya kawo. Ina girmama shi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ya ce: mutanenmu sun sha wuya, ta'aziyya suke bukata, ba tsoro ba.

Malam, wuyar kam mun sha ta. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a cikin ƙaramar hukumar nan tamu. Manomin Bakura da na Maradun sun san abin da ake kira harajin girbi, ka noma gonarka ka biya ɗan bindiga kafin ka yanki gero. To ka zauna kan tabarma gaban matar da aka kashe wa miji a gona, goyo a bayanta, masu gaisuwa na shiga da fita. Wanda ya harbe shi ba a kama shi ba, wataƙila ba za a taɓa kamawa ba. Me za ka ce mata? In babu ranar shari'a, jinin mijinta ya tafi a banza ke nan. Abin da ke riƙe zuciyarta, ya hana ɗanta ɗaukar makami, shi ne koyarwar Bulus a Romawa sura 12, cewa ramuwa ta Allah ce. Ta'aziyyar da kake nema mata tana cikin hukuncin da kake so ka cire.

Ya ce: ceto ta wurin alheri ne, wanda ya sa sharaɗin tuba ya mai da shi lada.

Nan ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Tuba ba kuɗin sayen gafara ba ce, juyowa ce. Wanda ya ba ka baya ba zai karɓi abin da kake miƙa masa ba sai ya waiwayo. A Markus sura ta 1, wa'azin farko na Yesu ya haɗa tuba da gaskata bishara a numfashi guda. Zakka mai karɓar haraji, bayan Yesu ya shiga gidansa ne ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Alheri ne ya fara zuwa, tuba ta biyo shi, kuma an gan ta a aljihu.

Mu Zamfarawa ai mun ga tuban baki. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairu 2021, aka kira shi tubabbe. Kafin wata uku ya koma daji, a can aka kashe shi. Afuwar da ba ta taɓa zuciya ba, ga inda ta ƙare. Yaya za mu yi wa mutane alkawarin irinta da sunan Almasihu?

Ya ce: maganar hukunci tana korar jama'a daga coci. Amma Bitrus ya kira mutane ga tuba ranar Fentikos, wajen mutum 3,000 suka karɓi baftisma. Bulus ya ambaci ranar shari'a da tashin matattu a Atina, wasu suka yi masa ba'a, bai janye ba.

Abu guda na yarda da shi: akwai masu wa'azin wuta da ba sa kai mutum gindin gicciye, su bar shi da fargaba kawai. Wannan kuskure ne babba. Maganinsa a faɗi saƙon duka, cewa mai shari'ar shi ne wanda ya ɗauki hukuncin a jikinsa.

Ɗan'uwana, ranar Lahadi in ka hau bagade, ka faɗa mana duka. Za mu iya ɗauka.