Masu Kiran Kiɗan Derek Bailey Hayaniya

Duk mai cewa kiɗan jitar Derek Bailey hayaniya ce, kunnensa ne ya yi lalaci. Wannan Bature na Sheffield a Ingila (1930–2005) ya shafe shekaru yana kiɗa a gidajen rawa da rediyo. Ya san ƙa'ida ciki da bai, sannan ya ajiye ta da gangan: ba amshi, ba tsayayyen kari, kowane sauti a take yake ƙago shi. A 1970 shi da abokansa suka kafa kamfanin faifai na Incus, don kada 'yan kasuwa su sa musu linzami.

Muna jinjina wa Shata kan ƙago baiti nan take, alhali kalangu da 'yan amshi na tallafe da shi. To, wanda ya hau fage ba madogara fa? Jama'a, a saurara tukuna kafin a yanke hukunci.